Agogon Sallamar Baba Dogara

Har in bar aikin koyarwa ba zan manta da ranar da muka yi bikin sallamar Baba Dogara ba. Yawancinku ba ku tarar da shi ba, don haka bari in fara da gaya muku ko wane ne.

Baba Dogara masinja ne a makarantar sakandaren nan tamu ta wajen Fadan Kagoma. A takarda ke nan, kuma matakinsa na can ƙasa ne, irin wanda sai an gama yi wa kowa ƙarin girma sannan a tuna akwai shi. A aikace kuwa shi ke riƙe da lokacin makaranta. Kun ga guntun ƙarfen layin dogon nan da ke rataye a jikin mangwaro, wanda wani ya samo daga Kafanchan tun ba a haifi wasunku ba? Nasa ne. Ya buga a shiga aji, ya buga a fita cin abinci, ya buga a tashi. Shugabannin makaranta sun zo sun tafi, kowa da sabon tsarinsa na kawo gyara, amma ban ga wanda ya taɓa sallamar yara kafin Baba ya ɗaga guduma ba.

A zangon ƙarshe kafin ya yi ritaya, wata safiya na koma ɗakin malamai ɗaukar alli, sai na same shi tsaye a kan benci, hancinsa ya kusa taɓa agogon bango. Da ya gan ni ya sauko a hankali, ya tura ƙofa.

Ya ce, “Malam Bitrus, ido ya fara yi mini wasa. In lamba manya ne a kan fari, ina gani. In ƙanana ne, sai hayaƙi kawai.”

Na ce ai sai a je asibiti. Ya ce ya je, sun ba shi magani na ɗigawa, sun ce tsufa ne. Sannan ya faɗi abin da ke cin ransa. Dattawan ikilisiyarsu sun yi masa alkawari, in ya bar makaranta shi zai riƙa buga ƙararrawar majami'a, ta sujadar safe da ta Lahadi.

“In sun ji ido ya yi rauni za su ce Baba je ka huta. Ni kuma in na zauna gida babu ƙararrawa, na zama mene? Mata na ne kawai ya sani. Yanzu kai na biyu. Ka rufa mini asiri saboda Ubangiji.”

Na yi masa alkawari, kuma tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

To, ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, idan ma'aikaci zai bar aiki, taron malamai ne ke kafa kwamitin sallama: shugaba, da sakatare, da wanda zai riƙa ɗaukar kaya. Ni na samu muƙami na uku. Shugabanmu Mista Ishaya ne, mataimakin shugaban makaranta mai kula da mulki. Mataimaka biyu ake da su, ɗaya na karatu, ɗaya na mulki, wato mai kula da kujeru da lemo da wanda zai zauna kusa da wa. Mista Ishaya mutum ne da Allah ya yi shi domin makirfo. In ya riƙe ta, sai an ɗauke wuta ake iya karɓe ta daga hannunsa.

Muka yi ta zama a kan kyautar da za a bayar. Wani ya ce bargo, wata ta ce akuya, wani ya ce keke, kamar dai tsohon zai fara tsere ne. Daga ƙarshe Mista Ishaya ya yanke hukunci: mutumin lokaci, agogon hannu ya dace da shi. A zangon nan kaf wannan ce magana ta farko mai ma'ana da na ji daga bakinsa, har na tafa masa. Na ce a raina, shi ke nan, Baba zai samu abin da zai riƙa dubawa a majami'a ba tare da ya hau benci ba.

Ranar Asabar muka shiga bas zuwa Kafanchan, ni da shi, muna matse tsakanin buhunan citta. Muka nufi shagon Chukwudi mai agogo a kasuwa. Kakansa ne ya zo garin da aikin jirgin ƙasa, shi kuwa a nan aka yanke masa cibiya, Hausarsa ta fi ta yawancinmu. Ina shiga idona ya faɗa kan wani farin agogo mai manyan lambobi baƙaƙe, da hannuwa masu kauri, da maɗaurin roba. Ɗan uwan wanda ke hannuna ne a lokacin.

Chukwudi ya ce, “Wannan shi ne na aiki, Malam. Ka sa batir ka manta da shi. Ko ruwan sama ya same shi a gona ba ya tsayawa.”

Mista Ishaya ya dubi agogon kamar an miƙa masa kashin kaji.

“Wannan a hoto zai fito kamar murfin kwalba. Za a gayyaci manyan baƙi, Malam Bitrus. Ana so a ce makaranta ta yi ƙoƙari.”

Sai ya nuna wani a can saman gilashi. Baƙi ne wuluk, babu lamba ko ɗaya a fuskarsa, hannuwansa sirara kamar gashin gemun akuya, ga wasu ƙananan da'irori uku a ciki waɗanda har yau ban san aikinsu ba, kuma ina zaton wanda ya ƙera shi ma bai sani ba. Amma kwalinsa fa, sai wanda ya gani. Har da ɗan matashin kai a ciki, agogon na kwance a kai kamar jaririn mai kuɗi.

Chukwudi, duk da shi ne zai ci riba, ya ce, “Oga, wannan na ango ne. Tsoho ya fi son wanda zai ɗaga hannu ya gani.”

Mista Ishaya ya ce, “Mu ba agogon gani muka zo nema ba. Agogon girmamawa muke so.”

Na yi ta kawo dalilai. Na ce farin ya fi ƙarko, na ce baƙin ya yi nauyi, na ce ƙarfen zai ƙona masa hannu a rana. Dalili ɗaya tak da zai kashe maganar shi ne wanda na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Haka aka naɗe kwali da takarda mai ƙyalli aka ɗaura masa jan ƙyalle. Ko buɗe shi ba a sake yi ba, don kada naɗin ya lalace. Na rungumo shi a cinya har gida, tunda aikina ke nan.

Ranar biki aka kafa rumfa a filin makaranta. Damina ce, amma ranar sama ta yi mana adalci. Fasto ya zo da dattawan ikilisiya, aka ba su layin gaba. Zumuntar mata ta ikilisiya suka zo da tukwanen kiɗansu, cikinsu har da Mama Laraba, matar Baba, wata gajeriyar mata da ba ta da yawan magana. An ce za a fara da safe, aka fara da hantsi, kamar yadda ya kamata a bikin girmama mutumin da bai taɓa makara ba. Mista Ishaya ya yi jawabin maraba, ya yi jawabin gabatar da mai jawabi, sannan ya taƙaita jawabin mai jawabin, taƙaitawar ta fi jawabin tsawo. Kafin a zo kan kyauta rana ta riga ta karkata, shinkafa ta huce a cikin kuloli.

Aka kira Baba Dogara. Mista Ishaya ya kwance jan ƙyalle, ya ɗaga kwalin sama ya juya shi dama da hagu don mai hoto, jama'a suka yi tafi. Ya ɗaura wa Baba agogon. Da a nan ya tsaya da an rabu lafiya, amma makirfo na hannunsa.

“Baba, shekara da shekaru kana gaya mana lokaci da ƙarfe. Yau ka gaya mana da bakinka, a sabon agogonka. Ƙarfe nawa yanzu?”

Ya kara masa makirfo a baki.

Baba ya ɗaga hannu ya duba. Ya matso da shi kusa. Ya ƙara matsowa. Ana jin numfashinsa a lasifika. Na ga ɗaya daga cikin dattawan ya karkata yana raɗa wa fasto wani abu. Ni kuwa ina can baya da kiret ɗin lemo a hannu, na rasa ta inda zan ɓullo.

Sai Mama Laraba ta miƙe daga cikin zumuntar mata. Ba ta yi sauri ba. Ta gyara ɗankwali, ta tako har gaban rumfa, ta kama hannun mijinta.

“Bari in ga abin da aka ba miji na ba a tambaye ni ba.”

Aka yi dariya. Ta duba, ta juya hannun, ta sake dubawa, sannan ta ɗago ta dubi Mista Ishaya.

“Oga, wannan agogo ba a gama shi ba. Ina lamba? Ko sai an biya sauran kuɗi za a sa?”

Ta kwance shi daga hannun Baba ta miƙa wa dattijon da ya yi raɗa ɗazu. “Baba Elda, kai ka yi boko, karanta mana.” Dattijon ya sa tabarau, ya cire tabarau, ya miƙa wa na kusa da shi. Na kusa ya kare shi da tafin hannu daga rana, ya girgiza kai, ya miƙa wa fasto. Fasto ya ce shi an kira shi kiwon rayuka ne, ya mayar. Haka agogon ya zaga layin gaba kamar kwanon baiko a majami'a, babu wanda ya sa komai.

Mista Ishaya ya karɓa yana murmushin mai shirin wayar da kan ƙauyawa. Ya bayyana cewa irin wannan agogon na zamani ne, ba a sa masa lamba, wayayyu da ido kawai suke ganewa. Ya ɗaga shi, ya ƙura masa ido, ya sanar a makirfo da murya mai nauyi cewa yanzu ƙarfe goma ne da minti goma na safe.

Inuwar mangwaro ta riga ta koma gabas. Yara ne suka fara fashewa, sannan zumuntar mata, har fasto sai da ya rufe baki da littafin waƙoƙi. Ashe agogon ko tashi bai yi ba. Masu sayarwa kan maƙala ɗan guntun roba a ƙarƙashin maɓallin gefe don kada batir ya ci a shago, mu kuwa tsoron ɓata naɗi ya hana mu buɗewa. Cikin wannan dariya babu wanda ya sake tuna cewa Baba aka fara tambaya.

Bayan an watse ina tattara kujeru, Mama Laraba ta zo wucewa da kula a ka. Na ce, “Mama, da gaske ba ki iya karanta shi ba?”

Ta ce, “Ɗana, ido na lafiya lau. Tun da na kama hannu na ga abin bai motsi. Na ce bari mai shi ya karanta da kan shi.”

Na bi su har bakin hanya, na kwance farin agogona na miƙa wa Baba, na ce mu yi musaya. Ya ƙi, ya ce kyautar makaranta ce, ba a raina kyauta. Mama ta ce kwalin ne kyautar makaranta, kuma za ta ajiye shi a kan kabad inda baƙi za su gani. Ta karɓi nawa ta ɗaura masa, ta miƙo mini baƙin. Ya ɗaga hannu daidai ƙirjinsa, bai matso da shi ba, ya faɗi lokaci daidai. Sai ya juya fuska gefe yana goge ido da hularsa, ni ma na shiga gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Da wannan farin agogon ya buga ƙararrawar majami'a har Ubangiji ya kira shi, kuma ban taɓa jin an ce sujada ta makara ba. Mista Ishaya kuwa ya samu ƙarin girma a shekarar da ta biyo baya. Hoton da yake ɗaga kwali yana cikin abubuwan da aka yaba.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki namu mun iya girmama mutum ba tare da mun dube shi ba. Mun yi zama a kan kyautar Baba Dogara har muka gaji, amma babu wanda ya ce a kira shi a tambaye shi abin da yake so. Agogo kuwa na mai ɗaurawa ne, shi zai tashi da shi ya kwanta da shi bayan mai hoto ya tafi.

Baƙin agogon ga shi nan a hannuna, yana aiki, ban da da'irorin nan uku. Kun sha ganina ina tambayarku ƙarfe nawa da shi a ɗaure, kuna zaton gwada ku nake yi. Na kuma lura kwanan nan in na shigo ɗakin malamai sai ku yi tsit, ga Malama Rahila da wani jan ƙyalle a jaka. Na san ritayata ta matso, na san an kafa kwamiti. Kafin ku shiga bas zuwa Kafanchan, ɗayanku ya zo ya dubi idona.