Ɗan Duwan a Ƙofar Yaya

Ba zan taɓa manta ranar da na yaba wa Goggo miyarta ba. Bakina ne ya tona asirin gidanmu kaf.

Lokacin Yaya ta dawo gidanmu a unguwar New Bell goyon ciki, ƙafafunta sun kumbura kamar bobolo, ƙullin rogon nan da ake dafawa a ganye. A asibiti aka ce hawan jini ne: ta rage gishiri da magi sosai, ta bar soya, wato tsire, ta riƙa zuwa awo. To amma a unguwarmu mai ciki ba ta rasa kwano, kuma mayar da kwano a cike cin fuska ne. Sai Mama ta naɗa ni ɗan duwan, wato ɗan kwastan: duk kwanon da aka aiko, ni zan tare in cinye, a mayar da godiya. Ban taɓa riƙe aiki da amana irin wannan ba. Wandona ya daina rufuwa, har baƙi na tambayar wane ne mai cikin a gidan.

Rannan Goggo, yayar Baba, ta zo daga unguwar Cité des Palmiers duba Yaya. Ni kuwa da rawar kai na ce, "Goggo, miyar da kika aiko jiya ta yi, sai dai barkono ya ɗan yi yawa."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Kai na dafa wa?"

Dole Mama ta ce a asibiti aka hana Yaya gishiri. Nan take Goggo ta aika aka sayo soya, ta dire gaban Yaya. "Ci a gabana. Mu da gishirinmu muka haifi namu."

Mama ba ta iya musu da dangin miji. Yaya, don kunya, ta miƙa hannu. Na ce tunda ni na ɓata, ni zan gyara.

"Goggo, don Allah danna ƙafarta da yatsa."

Ta danna. Ramin ya zauna, ya ƙi tashi. Sai ta janye takardar soyan.

"Shi ne kuka ɓoye min, kuka bar wannan ƙaton yana ƙiba da guminmu?"

Ita da kanta ta zaga maƙwabta. Daga ranar kwanuka suka koma ganye da kifi, citta da tafarnuwa, gishiri ɗan kaɗan. Aka sallame ni ba ko sannu.

A nan na koyi cewa mai kawo maka kwano don ƙauna, gaskiya ya kamata a faɗa masa, ba a yi masa dabara ba. Yaya ta haifi 'ya mace a asibiti, su biyun lafiya lau.