Malam Lawan Baduku da Takardar Ƙofar Fili

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talatar da ta wuce, da sassafe, ina buɗe shagona na cajin waya a bakin Jakara, sai na hangi Tasi'u mai Adaidaita ya tsaya a ƙofar gidan Malam Lawan Baduku, ya kashe mashin, ya sauko yana shimfiɗa tabarmi. Tasi'u ba ya kashe mashin da safe. Ko gaisuwa daga zaune yake miƙo ta. Na duba wayata. Shekara da shekaru, kullum bayan sallar asuba muryar Malam Lawan ce ke fara shigowa zauren waya na magoya bayan kulob ɗinmu na ƙwallo, Shahon Dala: "Jama'ar Shaho, mun tashi lafiya? Wanda ya kwana da fushi ya ajiye shi a ƙofa." Ran nan shiru. Kafin Tasi'u ya tsallako titi, na riga na san abin da ya zo faɗa mini.

Da hantsi aka yi wa Malam Lawan sallah. Da aka ajiye makara, ƙanensa ya miƙe kamar yadda aka saba, ya roƙi duk wanda marigayi ya taɓa ɓata wa rai ya yafe masa. Jama'a suka amsa ƙasa-ƙasa, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Sai wata murya daga sahun gaba ta ɗaga ta fi ta kowa: "Ni dai na yafe masa duniya da lahira. Abin da ya wuce ya wuce." Ciyaman ɗin kulob ɗinmu ne. Wani dattijo a gefena ya girgiza kai ya ce, "Kai, Alhajin nan akwai zuciya mai kyau."

Gaban gawa ba wurin jayayya ba ne. Amma 'ya'yan Malam Lawan suna wurin, kunnensu ya ji, kuma za su tashi da zaton ubansu ne ya yi laifi aka yafe masa. Wannan ne ya zaunar da ni rubutu, ni Ɗanlami da ban wuce firamare ba. Masu ilimi su yi mini afuwa.

Malam Lawan baduku ne ɗan baduku. A rumfarsa ta bayan Kurmi yake ɗinka jaka da takalmi, kuma babu ɗan wasan Shaho da bai taɓa kawo masa takalmin ƙwallo da ya buɗe baki ba. Ba ya tambayar komai sai, "Hagu kake bugawa ko dama?" don ya san inda zai ninka zare.

Tun da sojoji suka koma bariki, kujerar ciyaman ɗin kulob ta zama abin lallashin 'yan siyasa: wanda ya rasa takara sai a miƙa masa ita ya share hawaye. Daga nan Shaho ya soma gangara. Rediyo ta daina kawo wasanmu, masu zuwa kallo suka watse. A wannan hali Malam Lawan ya buɗe zauren. Ya zo shagona da wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba, ya ce, "Ɗanlami, kai wayarka ba ta mutuwa, bakinka kuma ba ya saurin buɗewa. Ka zama admin na biyu, ka taya ni kula da zaure." Haka aka naɗa ni, babu rawani.

In za a yi wasa a wani gari, yakan rufe rumfa ya bi motar haya, ya tsaya a bakin fili yana aiko mana da labari da murya. "An ci mu ɗaya. Ku yi haƙuri, iska ce." Tasi'u ya taɓa amsa masa, "Malam, wancan makon ka ce rana ce, yau iska. Gobe kuma fa?" Ya ce, "Allah ya kai mu goben, sai mu ga abin da zai ci mu." Duk wanda ya yi barazanar komawa goyon bayan manyan kulob na Turai, amsarsa guda ce: "Sauka lafiya. Mai son kulob mai ci, cin yake so. Mu kulob ɗin muke so."

Dokokinsa biyu ne kacal. Ba a kawo siyasa, ba a zagin iyayen ɗan wasa. Yakan ce, "Ka ce ƙafarsa ta katako ce, na yarda. Amma uwarsa ba ta buga ƙwallo ba." Wanda ya karya, a fitar da shi kwana uku. In zai dawo, sai ya yi sallama da muryarsa ya ba jama'a haƙuri. 'Yan kasuwa sun sha wannan hukunci, malaman makaranta sun sha, kowa ya dawo ana dariya.

Sai ranar da Gambo, golanmu, ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Ciyaman yana cikin zauren. Ya aiko da saƙon murya, ya ɗura wa mahaifiyar Gambo ashar wanda ba zan iya rubutawa ba. Na bar shago na ruga rumfa.

"Malam, ka ji?"

"Na ji. Cire shi."

"Malam, Ciyaman ne fa."

"Ita kuma uwar Gambo ce fa. Cire shi, ko in cire."

Ba zan ɓoye ba, yatsana ya ƙi. Malam Lawan ya ajiye basilla, ya goge hannu a gwiwa, ya cire shi da kansa, sannan ya sanar da jama'a: "Kwana uku, kamar kowa." Washegari yaron Ciyaman ya zo yana kaɗa makullin mota. "Oga ya ce a tambaye ka, ka san da wa kake yi?" Malam Lawan bai ɗago daga ɗinki ba. "Ka gaishe shi. Ka ce ranar Juma'a ƙofa a buɗe take, ya yi sallama ya shigo." Bai shigo ba har yau.

A ƙarshen wannan kakar wasanni muka yi wasan da in aka ci mu za mu faɗa rukuni na ƙasa. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba baƙi fanareti, aka ci mu. Matasa suka yi ƙofar fili da duwatsu, suka tare motar alƙalin. Ina nan tsaye, da idona na gani. Malam Lawan ya kutsa ya tsaya a gaban motar, ya ware hannuwa. Dutse ya fasa masa gira, hularsa ta faɗi, bai gusa ba. Ya shiga kiran yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da sunan ubansa da unguwarsu. Duk ɗan cikin birni ya san nauyin wannan: in babba ya kira sunan ubanka a bainar jama'a, hannunka sai ya yi sanyi. Haka duwatsun suka riƙa zubewa ƙasa, mota ta samu hanya ta fita.

Da hukumar gasa ta nemi a ba ta sunan wanda ya tayar da fitina, Ciyaman ya ba da na Malam Lawan. Hujjarsa ita ce an ji shi yana kiran maharan da sunayensu, ashe shi ne jagoransu, kuma a zaurensa aka shirya komai. Aka buga takarda, aka saka ta cikin allon sanarwa mai gilashi a ƙofar fili: an haramta wa Lawan Baduku shiga har abada, saboda tunzura jama'a.

Na ce wa Malam Lawan bari in tara shaidu. Ya ce, "In aka ce ba ni ba ne, sai a ce to su wa? Sunayen yaran nan a bakina suke, Ɗanlami. Ka bar su a nan." Na bari. Har yanzu ma ba zan faɗi sunan ko ɗayansu ba.

Kaka biyu ya yi a waje. Ranar wasa yakan zo ya zauna a bencin Mamman mai rake, jikin katangar fili, ni ina ciki ina gaya masa abin da ke faruwa ta waya, shi yana isar wa jama'a. Wani lokaci kafin in yi magana ya riga ya gane daga ihun mutane. 'Yan wasa suka ci gaba da aiko masa da takalma, ya ci gaba da ɗinkewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk wanda ya zagi iyayen Ciyaman a zaure, Malam Lawan sai ya fitar da shi. Ni kaina na ci kwana ukuna. Da na dawo na yi sallama, ya ce, "Maraba da admin. Ka huce?" Na ce ban huce ba. Ya ce, "To zauna a haka, amma da ladabi."

Kwana huɗu kafin rasuwarsa na je duba shi, jiki ya yi nauyi. Na tambaye shi ko ya yafe wa Ciyaman. Ya ce, "Tuni. Abu guda ne dai ke damuna. Da za su cire takardar nan, don Ummi ta iya karatu yanzu, kuma ta nan suke bi zuwa makaranta." Ummi ita ce 'yarsa ta fari. Takardar tana nan har safiyar yau, na je na duba.

Ya Allah ka jiƙan Malam Lawan, ka haskaka kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Yadda ya tare wa alƙalin wasa dutse da fuskarsa, ka tare masa azabar kabari. Ka ba mai ɗakinsa Malama Binta haƙuri, ka raya Ummi da ƙannenta, ka sa su ɗaga kai in an ambaci ubansu. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Ga masu riƙe da makullin allon nan kuma, ba na roƙon kowa ya yafe masa. A cire takardar. Wanda yake shakkar maganata, ba ni kaɗai ke ƙofar fili ran nan ba. Tasi'u yana wurin, shi ya ɗauke shi zuwa kemis aka ɗinke girar. Mamman mai rake yana wurin, shi ya tsinci hular. Gambo ya gani daga kan katanga. Sai kuma Ciyaman kansa, wanda motarsa ke bayan ta alƙalin wasa, yana zaune a gidan baya, gilashi a sauke.