Ranar da na raka fursuna ina cikin takaba

Shekarun baya, ina aikin 'yar sanda a wani gari wajen Bukkuyum. Ba mu da gidan yari, duk wanda alƙali ya ce a tsare sai a kai shi Gusau. Doka kuma ta ce fursuna mace ba a tafiya da ita sai da ma'aikaciya mace. Ni kaɗai ce mace a ofishin, ni ce rakiya, ni ce bincike, wani lokaci har da dafa shayi.

Sai maigidana ya rasu. Ni baƙuwa ce a garin, ba dangi. Da aka share makoki kowa ya watse, na rage daga ni sai tabarma. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai.

Ina cikin takaba ogana ya aiko. Wai akwai wata dattijuwa daga Gwashi tsare a bayan kanta, ta fasa wa maƙwabcinta kai da taɓarya kan awakinsa sun cinye mata wake. An ce a kai ta Gusau, ba mai raka ta, ga ɗakin da take ciki manne da na maza. Na tambayi malamin unguwa, ya ce lalura ce, in je in dawo kafin magariba.

Direba da abokin aikina suna gaba, ni da ita a baya. Na ɗaure fuska wai ni hukuma. Ta dubi ƙafata ba lalle, idona ba kwalli, ta ce, "Ɗiyata, takaba kike?"

Na ce, "I, Inna."

"Allah shi jiƙan shi. Nima na yi ta."

Bayan mun wuce Anka barci ya kwashe ta, kanta ya sauka a kafaɗata, ankwa a hannunta. Tun rasuwar ba wanda ya raɓe ni haka. Kafaɗar ta sage, ban motsa ba har Gusau.

A ƙofar gidan yari na cire mata ankwa, na miƙa ta. Har ta taka ta juyo.

"Ni kin rako ni. Ke fa, wa za ya raka ki gida?"

Aka ja ƙofa. Na koma bayan mota ni kaɗai, ankwa a cinyata, na yi ta kuka har Anka. Na raka mata da yawa bayanta, amma har yau idan na shiga mota, gefen da ta zauna nake fara dubawa.