Kwanon Maigidana a Kan Matakala

Shekarar da Babana ya zo mana Kuala Lumpur, ba yawon buɗe ido ne ya kawo shi ba. Tun a waya ya gaya min zai tafi da 'yata Kano, wai ba zai zuba ido jikarsa ta tashi tana amsa gaisuwa da Turanci ba. Ita kaɗai Allah Ya ba ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa ya isa ya yi wa Baba musu?

Gidanmu a unguwar Pantai Dalam ɗaki biyu ne da falo, teburin cin abinci ɗaya tal. Maigidana malamin jami'a ne, amma in zai gaida Baba sai ya durƙusa har ƙasa. Abinci kuwa, ina! Da na zuba sai ya ɗauki kwanonsa ya sulale waje, ya zauna a kan matakala. Har maƙwabciyarmu ta ja ni gefe tana tambaya ko faɗa suka yi. Na ce wane irin faɗa, kunya ce.

Rannan muna cin tuwo, yarinyar ta ce, "Umma, me ya sa Abba yake makan a waje?"

Ga kalmar Malay ta cin abinci ta faɗo mata a gaban Baba! Na daure na ce, "Kakanki surukinsa ne. Wanda ya ba mutum 'yarsa, ba a tauna abinci a gabansa. Shi ma Abbanki surukin Kaka ne. Suna ɗaya suke ci, don kowa kunyar ɗan'uwansa yake ji. Haka muka taras a gida."

Sai ta juya wajen Baba. "To Kaka, kai ma ka ji kunyarsa mana, ka tashi ya shigo."

Na ce a raina shi ke nan, ta gama da ni. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ɗauki kwanonsa da kansa ya nufi baranda. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Kira mijinki ya ci a teburinsa. Yarinyar nan kuma ku riƙe abarku, na ga hannun da take. Hausar dai ku gyara mata."

Na leƙa matakala na kira maigidana. Wallahi ban taɓa alfahari da mutumin nan kamar ranar ba.