Na Naɗi Muryarta Ba Ta Sani Ba

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a ba ni fili in fitar da abin da ya daɗe yana ci na, kuma kada a sa sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba. Lokacin da abin ya faru ni budurwa ce mai ji da kanta. Na gama diploma a nan Kaura Namoda, na yi shekara biyu a gida ina taya mahaifiyata sayar da atamfa, kullum ina jin haushin ganin takarduna a ƙasan akwati. Ina da baki, ina da saurin sabo da mutane, kuma ina da wani hali da ban san illarsa ba sai daga baya: duk inda aka sa ni sai na nuna na fi kowa iyawa. Da na ji ana neman mata masu ilimi da za su shiga ƙauyuka su tambayi jama'a yadda suke ganin aikin asibitocin gwamnati, ban tsaya shawara da kowa ba na kai takarduna, aka kuwa ɗauke ni.

Kwana uku aka yi ana horar da mu. Wata dattijuwar malama ce ta koya mana ƙa'idojin, ta yi ta nanata su har muka ƙosa. Ta ce kafin mu yi wa kowa tambaya sai mun karanta masa takardar neman yarda, mu faɗa masa wanda ya aiko mu da abin da za a yi da amsarsa, mu kuma gaya masa yana da damar ya ƙi. Ta ce ba a rubuta suna, ba a ɗaukar hoto, ba a naɗar murya. Ta ce tambayoyin da ke cikin fom ɗin an tantance su tun daga sama kafin a yarda a kai su gaban jama'a, don haka ba mu da ikon ƙara ko guda. Ina zaune a baya ina danna waya, ina cewa a raina wannan duk tsirfar 'yan boko ce, mutanen ƙauye da ba su iya karatu ba me ya dame su da wata takarda. Har yau in na tuna wannan tunanin sai in ji kamar in mari kaina.

Mun fara da Banga, muka wuce wajen Gurbin Bore, aiki na tafiya daidai. Damina ce, maza duk suna gona, mata ne a gida, kuma mata suna sakin jiki da ni. Sai dai rubutu yana ba ni wahala, mace tana zuba ina ƙoƙarin kamo ta da biro, rabin maganar na zubewa. Sai na ɓullo da dabara, in kunna naɗin murya a wayata in sa ta cikin jaka a buɗe, in na koma masauki in saurara in cike fom ɗina a tsanake. Ban gaya wa kowa ba. Fom ɗina ya riƙa fin na kowa cika, shugaban tawagarmu ya riƙa yabo na a gaban sauran, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

A mako na uku aka tura mu ƙasar Shinkafi, wani ƙauye bayan Galadi wanda ba a shigarsa sai a kan kabu-kabu, shi ma sai an tambayi lafiyar hanya tukuna. Akwai ƙaramin asibiti a garin, da malama guda ɗaya mai awon ciki. A nan na haɗu da matar da na zalunta. Ta girme ni da 'yan shekaru, tana da tsohon ciki, na same ta tana surfe a tsakar gida. Ta shimfiɗa min tabarma, ta dama min fura, ta ce da ni ƙanwata, ni kuma na ce mata Yaya. Na karanta mata takardar neman yarda da gudu kamar mai karanta abin da bai shafe shi ba. Ta tsayar da ni ta tambaye ni ko da gaske ba mai jin abin da za ta faɗa. Na dafa ƙirji na ce daga ni sai ita sai Allah. A lokacin wayata tana cikin jaka tana naɗa.

Da farko amsoshinta gajeru ne. Ta ce malamar ba ta zuwa sai rana ta take, mata su wuni a rana da ciki, in ta zo kuma ta hau su da faɗa. Wannan ya ishi fom ɗin, a nan tambayoyin suka ƙare. Amma na ga alamar akwai sauran magana a bakinta, sai na ƙara tawa tambayar, na ce ita da kanta me aka taɓa yi mata. Ta leƙa ƙofa, sannan ta sassauta murya. Ta ce ta yi ɓari sau biyu a jere har ta kusa rasa ranta, don haka ta je a ɓoye ta yi allurar tazarar haihuwa don jikinta ya huta, ko maigidanta bai sani ba. Ta ce ranar da ta koma awo da wannan cikin, malamar ta dube ta ta yi dariya ta ce ashe hutun ya ƙare, da ƙyar ta iya ɗaga kai don tsoron kada matan da ke layi su gane. Tana faɗa tana share hawaye da gefen mayafi. Ni kuwa, Allah Ya yafe min, abin da ke raina shi ne na samo labarin da ba wanda ya samo irinsa.

Da muka koma Kaura, shugaban tawagar ya ce za a yi taro da ma'aikatan lafiya na yankin a nuna musu abin da jama'a suka ce, yana son abin da zai girgiza su, ba jerin amsoshi kawai ba. Bai tilasta ni ba, wannan gaskiyar dole in faɗe ta. Ni da bakina na ce ina da murya. Ya saurara, ya ce wannan ita ce, in tura masa. Na tuna masa ƙa'ida, ya ce ai ba suna a ciki, wa zai gane ta a cikin dubban mata. Na tura. A ranar taron ya haɗa wayarsa da lasifika, muryar Yaya ta cika ɗakin. Malamar asibitin garinsu tana zaune a layi na biyu. Na ga lokacin da fuskarta ta canja. A garin da mata masu ciki ba su fi a ƙirga da yatsu ba, mace mai ɓari biyu a jere ba ta buƙatar suna. Na kuma ga wasu sun ɗaga wayoyinsu suna naɗar abin da ke fitowa daga lasifikar, ban hana su ba, shi ma bai hana su ba. Aka tashi ana tafa masa.

Sai bayan kusan wata biyu na ji abin da ya biyo baya, daga bakin ɗan kabu-kabun da ya kai mu garin, da na gamu da shi a kasuwar Shinkafi. Ko gaisuwata bai amsa da kyau ba. Ya ce muryar ta zagaya wayoyin garin kaf, har a majalisar masu shayi an saurare ta. Malamar ta ce an ci mutuncinta a gaban manyanta, ta nemi canjin wuri ta tafi, kuma ba wanda ya yarda a turo shi madadinta saboda halin da hanyar ke ciki. Asibitin yana rufe, mata masu naƙuda sai a ɗora su a babur zuwa Shinkafi, a hanyar da maza ma ke addu'a kafin su hau. Garin duka ya ɗora laifin a kan Yaya, ana cewa bakinta ne ya kore musu malama. Maigidanta kuwa a bakin masallaci ya ji zancen allurar, a gaban 'yan uwansa. Ya ce ta tafi gidansu sai ya neme ta. Ta koma wajen iyayenta a ƙasar Zurmi da cikinta wata tara.

Daga kasuwar ofis na wuce. Na sami shugaban tawagar yana cin abinci, na zayyana masa komai. Bai ko ajiye cokali ba. Ya ce shi bai aike ni in naɗi muryar kowa ba, ni na karya ƙa'ida, in kuma na ce zan tayar da magana to ni zan fara faɗuwa. Ya ce bincike ya yi amfani tunda an gano matsala, sauran kuma sha'anin mutanen ƙauye ne. Ban taɓa jin na tsani mutum kamar ranar ba, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne rabin maganarsa gaskiya ce. Na rubuta takarda na kai sama, na faɗi laifina na faɗi nasa. Aka kira ni aka ce na kyauta da na faɗi gaskiya, aka sallame ni daga aikin. Shi aka ce an ja masa kunne. Har yau yana nan, yana tsayawa a gaban sababbin yara yana koya musu yadda ake riƙe sirrin jama'a. Ba korata ce ke ba ni haushi ba, na cancanci fiye da haka. Abin da ke ba ni haushi shi ne a duk zaman da aka yi ba wanda ya tambayi ina matar take, ko ya ce a je a ba ta haƙuri, ko a nemo wa garin wata malamar.

Na ɗauki makonni kafin in iya zuwa wajenta. Na roƙi mahaifiyata ta raka ni, don ni kaɗai ba zan iya shiga gidan ba. Mun same ta ta haihu, 'ya mace, a gida ta haife ta a hannun unguwar zoma, Allah Ya sa an rabu lafiya. Maigidan ya aiko da ragon suna amma bai zo ba. Ta rame, tana zaune a bakin ɗaki tana shayarwa. Da ta gane ni ba ta tashi ba, ba ta kuma ce min ƙanwata ba. Na durƙusa na faɗa mata duk yadda aka yi, ban ɓoye komai ba, har wayar da ke cikin jaka. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Malama, mi na yi miki? Ni ban iya karatu ba, amma abin da kika karanta min na riƙe shi. Ke da kika iya, ba ki ji abin da bakinki ya faɗa ba?" Mahaifiyata ce ta yi ta roƙo a madadina tana kuka. Daga ƙarshe ta ce ta yafe don tana son Allah Ya yafe mata, amma kada in sake zuwa, kuma kada in yi mata alkawarin komai. Muka fito.

Ina rubuta wannan ne saboda ina ganin ƙannenmu kullum suna yawo da fom da ƙananan kwamfutoci, wannan na lafiya, wannan na taki, wannan na 'yan gudun hijira, suna shiga gidajen mutane suna kwasar bayanai kamar masu tsintar gyaɗa. Ku ji ni da kyau. Ƙa'idojin nan da kuke gani kamar ɓata lokaci, ba don ku aka yi su ba, don wanda ke zaune a gabanku aka yi su, wanda zai ci gaba da zama a garin bayan kun hau mota kun tafi. Kada ku naɗi muryar kowa a ɓoye. Kada ku ƙara tambayar da ba a ba ku ba don neman yabo. In babba ya ce ku tura masa abin da kuka yi alkawarin ɓoyewa, ku ƙi, ko da aikin zai tafi. Cire suna ba ya ɓoye mutum a garin da kowa ya san tarin kowa. Ku kuma iyayenmu da yayyenmu, in an zo muku da tambayoyi ku tambayi wanda ya aiko su da inda maganar za ta, ku ce a ajiye waya a fili ku gan ta, in ranku bai kwanta ba ku ce ba ku yi. Haƙƙinku ne, ba rashin kunya ba ne. Masu tsara irin wannan aiki a ofisoshi kuwa, ku ji tsoron Allah, jama'a ba kayan ado ba ne na taronku.

Kwanakin baya na gamu da wata da muka yi aikin tare, ta ce an sake tura su garin su Yaya a zagaye na biyu. Ta ce gida gida suka bi, duk matar da suka tambaya sai ta ce asibiti lafiya lau, ba su da wani kuka, alhali ƙofarsa da kwaɗo, ciyawa ta kai taga. Haka aka rubuta, haka aka kai sama, cewa garin ba shi da matsala. Ta faɗa min tana mamakin mutanen. Ni ban yi mamaki ba. Ni na koya musu wannan amsar.