Ranar da Aka Cire Tsohuwa

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, Mama ta rufe shagon ɗinkinta ta koma zaman jinya. Da fari gidan ba ya rabo da masu dubiya. A hankali takalman bakin ƙofa suka yi ta raguwa, har ya zama saura nata. Mai motsi a ɗakin sai Tsohuwa, na'urar sanyaya ɗaki da Baba ya fasa bango ya dasa da hannunsa lokacin yana aikin wayar wuta. Shi ya raɗa mata sunan. Yanzu tari take kamar mai ciwon ƙirji, tana ɗigar da ruwa a bokiti, jim kaɗan ta ɗauke.

In ta ɗauke, Mama ta kira mai gyara, wani mai furfura da bakinsa ba ya hutawa. Ba ya kai na'ura shago. A gaban gadon Baba yake shimfiɗa buhu, shi da Mama su kama gefe-gefe su zaro ta, haske da hayaniyar titi su shigo ta ramin.

"Oga, mutuniyarka ta sake yin fushi," zai ce, ya damƙa wa Baba sukundireba a hannun da ke motsi. "Riƙe min, kada Mama ta kai wa keken ɗinkinta. Wannan wayar ce ko waccan?"

Baba ba ya magana, amma zai ɗaga yatsa, bakinsa ya karkace irin na dariya. Duk duniya mutumin nan kaɗai ke tambayarsa wani abu. Mama kuwa ta dafa shayi, ta zauna bakin gado ta sha labarin wanda ya aurar da 'yarsa da wanda ya tashi daga layi. Irin ranar takan canza ɗankwali. Ba ta taɓa tambayar kanta dalili ba.

Wata rana da zafi babbar 'yarsu, wadda ke aikin nas, ta tarar da Tsohuwa shiru, Baba sharkaf da gumi. Ta juya shi, ta ga fatar bayansa ta fara saɓulewa.

"Mama, zo ki gani. Zufa ke cin sa. Gyambo ne ke tafe."

"Gas ne kawai ya ƙare."

"Wancan karon ma gas ne. Sabuwa zan sa a kawo."

"Babanki ya saba da ita."

"Shi ya gaya miki?"

Mama ta dubi Baba, shi kuwa rufin ɗaki yake kallo. Da wane baki za ta ce ita so take abin ya riƙa lalacewa? In ta ce don Baba ne, ba ta da tabbacin gaskiyar ke nan duka. Ga kuma bayan Baba ja, ta gani da idonta.

Ta kira mai gyara ko zai tsaya mata. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Mama, ta gaji. Lallaɓa ta kawai nake. Tuntuni ya kamata in faɗa." Bai yarda sun haɗa ido ba.

Ma'aikatan kamfani suka zo da kwali. Ba su gaida Baba ba, sun dai ce a ɗan ja gadon mara lafiya. Suka kafe sabuwar can sama, aka toshe ramin da siminti. Mai gyara ya ɗora Tsohuwa a bayan babur, ya dawo ya leƙo.

"Oga, an yi maka sabuwa fil. In ta yi tari a kira ni."

Ba ta yi tari ba. Fatar bayan Baba ta warke tas, 'yar tana ta murna a waya. Shi dai ya koma kallon tabon simintin, yatsansa kwance a kan bargo. Da rana Mama kan zauna bakin gado da rimot a cinya, ta kasa kunne ko za ta ji wani ɗan ƙara, ko ɗigon ruwa. Iska mai sanyi kawai ke sauka a kansu.