Awon Ƙafar Yayana

Sana'ata ɗinkin takalma ce. Gadonta na yi, kuma rumfa ɗaya nake zama a kasuwar Yankara tun kafin in yi aure. Karatuna bai wuce firamare da allo ba, amma ina da ƙa'ida a aiki. Duk wanda zan yi wa takalmi sai ya taka takardar buhun siminti, in zagaye ƙafarsa da biro, in rubuta sunansa da Sallar da ake ciki, in soke takardar a ƙusa. Yaro duk shekara nake auna shi. Babba kuwa sau ɗaya ne, domin mahaifinmu ya koya mini cewa ƙafar magidanci ta gama girma.

Yayana ne ya fara saɓa wannan ƙa'ida. Manomin masara ne, gonarsa tana wajen Mairuwa, kuma a lokacin ya haura arba'in. Wata Ƙaramar Sallah na kai masa takalminsa, ya zura ƙafa, ta ƙi shiga.

"Hannunka ya fara lalacewa," in ji shi.

Ba a musu da babba. Na shimfiɗa sabuwar takarda na sake awo. Da na ɗora ta kan tsohuwar, sai na ga sabon zanen ya ɗan fita waje, ta faɗi da ta tsawo. Na ce fatar ce ta tsuke. Shekara ta zagayo, aka maimaita, na ce biron ne na karkata. A ta uku na ɗora wa kaina laifin. Haka har takardunsa suka kai bakwai a ƙusa guda, ban taɓa zargin ƙafar ba.

Sauran abubuwan a hankali suka zo. Hularsa ta daina shiga. Zoben azurfarsa sai da maƙeri ya yanke shi. Haɓarsa ta turo gaba, muryarsa ta yi kauri, ga gumi ko da sanyin safiya. A shekarun nan masara ta yi albarka, don haka kowa ya ce jikin arziki ne. Akwai wani taubashinmu, ɗan ƙanwar mahaifinmu, wanda wasa ya halatta tsakaninsu. Duk ranar kasuwa sai ya tare shi.

"Giwa, an fito? Wai wushirya ce wagga ta fito maka tare da furfura? Amarya kake nema?"

"Ka ci ka ƙoshi tukuna, tsinke, sannan ka yi magana da mutane," Yaya zai ce, a yi dariya.

Dariyar ta ƙare ne a kan gaisuwa. A bakin layinmu akwai wani dattijo, aminin marigayi mahaifinmu, muna ce masa Baba. Kullum yana kan benci a hannun hagu idan za ka fita kasuwa. A garinmu ƙarami ne ke fara gaida babba, kuma ba a wuce irin Baba a tsaye, sai an rusuna. Sau uku Yaya yana wuce shi, ido buɗe, ko waiwaye babu. A na ukun Baba ya aiko aka kira ni.

"Ka faɗa wa ɗan'uwanka," ya ce, "ni na riƙe ragon sunanshi aka yanka. In masara ce ta hau mai kai, ta sha hawa kan wasu ta sauka."

Na kai saƙon yadda aka ba ni. Yaya ya rantse bai gan shi ba. Ban yarda ba, domin ni ma na fara jin ƙorafin daga wasu bakunan, har ana cewa kada a kai masa gayyar biki tunda ya fi ƙarfin mutane.

Wata Juma'a muka yi sahu ɗaya, ina damansa. Da aka idar na miƙa masa hannu, ya bar ni da hannu a sama. Raina ya ɓaci. Amma a ƙofar masallaci na lura da wani abu: takalminsa yana nan gefen ƙafarsa, shi kuwa yana ta juya kai gaba ɗaya yana nema. Da muka isa gida na ce ya zauna ya dubi bakin ƙofa. Na cire hulata, na tsaya bayansa, na zagayo da ita a hankali ta dama. Bai gan ta ba sai da ta kusa zuwa gaban hancinsa. Na yi ta hagu, haka.

Washegari muka je asibitin da ke kusa. Suka auna jini suka ce akwai suga. Likitan ya daɗe yana juya tafin hannun Yaya, sannan ya rubuta mana takarda zuwa babban asibitin koyarwa. Da sassafe muka kama hanya, don yanzu ba mai son la'asar ta same shi a titin nan.

A can wata likita ta karɓe mu, kuma ta bi abin daki-daki, yadda nake son aiki. Ranar farko ya kwana da azumi, aka ba shi ruwan suga, ana ɗibar jininsa lokaci bayan lokaci. Rana ta biyu ya sa kai a wata na'ura, yana danna maɓalli duk sanda ya ga ɗigon haske. Rana ta uku aka ɗauki hoton cikin kansa. Sannan ta zaunar da mu. Ta ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake, ita ke sakin sinadarin da ke sa jiki girma. Ƙari ya fito a jikinta, yana sa ta sakin sinadarin ba tsayawa. Shi ya kawo ƙafar da haɓar da sugan, kuma shi ke danne jijiyoyin ido har ganin gefe ya tafi. In aka bar shi, na tsakiyar ma zai iya bi.

Ta ƙara da cewa ita da abokan aikinta suna bincike kan masu wannan ciwo, suna son sanin shekara nawa yake yi a jiki kafin a gane shi. Ta karanta mana takardar amincewa da shiga binciken da Hausa. Yaya ya dube ni. Na yi tambaya uku: in ya ƙi, za a rage masa kulawa? Ta ce a'a. Za a faɗi sunansa? Ta ce a'a. In ya shiga, zai iya fita? Ta ce ko gobe. Ya dangwala.

Sai ta nemi tsofaffin hotunansa don ta ga yaushe fuskar ta fara sauyawa. Ba mu da su, sai ɗan na jikin katin zaɓe. Na ce ina da awon ƙafarsa na Sallah bakwai, in yana da amfani. Ta ajiye biro ta dube ni.

"Malam, a jere suke?"

"Hajiya, ba na ajiye abu a hargitse."

A zuwa na gaba na kawo su. Ta jera su ɗaya kan ɗaya a gilashin taga, haske ya ratsa, zanen yana fita waje kamar ɓawon albasa. Ta kira wasu likitoci suka tsaya suna kallo. Na yarda ta ɗauki hotonsu bayan ta rufe sunan. Ni kuwa abin da nake gani a tagar nan shekara bakwai ne da na yi ina zagin fata.

Ta hanci aka yi aikin, ba a tsaga kai ba. Gumin ya ragu, sugan ya lafa da magani. Ƙashi dai ba ya komawa, ta faɗa mana tun farko. Ganin gefen dama ya dawo kusan duka. Na hagu bai dawo ba.

Ranar da ya iya fita, wajen Baba muka fara zuwa. Yaya ya durƙusa, ni na yi bayani tun daga farko. Baba ya saurara yana jan carbi.

"To yanzu ta ina kake gani?"

"Ta dama, Baba."

"Ni kuma ga ni a hagu, kuma bencina ba ya tashi daga inuwar nan. Ba zan fara gaishe ka ba, ba a yi haka ba. Amma ina da maƙogwaro."

Tun daga ranar, idan Yaya ya zo wucewa, Baba yakan yi gyaran murya sau ɗaya. Yaya ya juyo da kansa gaba ɗaya, ya rusuna, ya gaishe shi.